BAYANI A KAN HATSARIN ƘANANAN JIRAGEN SAMA WAJEN SAUKA

Wannan bayani ne a kan ƙananan jiragen sama, irin waɗanda attajiri ko kamfani ko gwamnatin jiha kan mallaka don tafiyar kansu, da dalilin da ya sa hatsari ya fi samunsu a lokacin da su ke neman sauka, alhali tafiya ta ƙare, gari yana gabansu, masu tarya suna tsaye a fili.

ZARIYA DA JIRGIN SAMA

Wanda ya zauna a Kongo ko wata unguwa ta Tudun Wada ya san ƙarar wani ɗan jirgi mai inji ɗaya da kan bi ta kan gari da hantsi, ya kewaya, ya ɓace, jim kaɗan ya sake bayyana. Ba fasinja ya ke ɗauka ba, ba kuma kaya ba. Ɗalibi ne a ciki da malaminsa, sun taso daga filin da ke Palladan a kan hanyar Samaru, inda makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta ke. An kafa wannan makaranta a shekarar 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma daga cikinta aka yaye matuƙa da injiniyoyi da masu tsaron hasumiya da yawa, na Nijeriya da na waɗansu ƙasashen Afirka. A lokacin da aka kafa ta shekara 39 ke nan da saukar jirgin sama na farko a ƙasar nan, watau jirage uku na sojan Ingila da su ka taso daga Masar su ka sauka Kano cikin watan Nuwamba na 1925.

Wannan kewaye da a ke gani, darasin sauka ne. Ɗalibi ya tashi, ya zagayo fili, ya sauko har tayoyinsa su taɓa ƙasa, sa'an nan ya ƙara wuta ya sake tashi, ya maimaita, kamar yadda almajiri kan maimaita allonsa har ya zauna masa. Ba wani darasi da a ke nanata wa ɗalibi kamar wannan, domin masu wannan sana'a sun lura tun da daɗewa cewa a cikin tafiyar ƙaramin jirgi babu lokacin da hatsari ya fi yawa kamar lokacin sauka. Hausawa sun ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Tashi da zaɓi ne, mutum na iya fasawa; amma wanda ya riga ya tashi, sauka ta zama masa tilas.

Sai dai a nan akwai bambanci da ya kamata a sani. Hatsarin da kan faru bayan jirgi ya taɓa titinsa, kamar taya ta fashe, ko ya dira da ƙarfi, ko ya zarce cikin ciyawa, shi ya fi yawa, amma galibi jirgi ya kan lalata, mutane su fito da ƙafafunsu, saboda gudu ya riga ya ragu. Wanda ke cin rai shi ne na kafin a kai ga titin, a 'yan mintocin ƙarshe, jirgi yana ƙasa ƙasa, gudunsa kaɗan, matuƙi kuma hankalinsa ya rabu gida da yawa.

YADDA JIRGI KE SAUKA

Jirgin sama ba ya tsayuwa a sarari sai da iskar da ke gudana a kan fukafukansa. Inji aikinsa ya ja jirgi gaba, fiffike kuwa shi ke ɗauke da nauyi, kuma ba ya ɗauka sai gudu ya kai wani haddi. Ƙaramin jirgi mai kujera huɗu, irin wanda a ke kira Cessna 172, ya kan zo sauka da gudun kimanin mil 70 zuwa 80 a sa'a, kuma idan gudunsa ya ragu ya koma wajen mil 55, fiffike ya kan saki, jirgi ya sunkuya ya faɗo ko da inji yana aiki lafiya. To, a duba ƙarancin abin da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu. Sauka kuwa ba ta yiwuwa sai an rage gudu da gangan. Watau matuƙi yana tafiya ne a bakin rami, in ya yi sauri ya zarce fili, in ya yi nawa ya faɗi kafin ya kai.

Ga al'ada matuƙi ya kan zo daura da titin sauka yana sama da ƙasa da kimanin ƙafa 1,000, ya bi gefensa har ya wuce ƙarshensa, sa'an nan ya yi kwana biyu ya miƙe ya fuskance shi, iska tana bugun gabansa. Kwana ta ƙarshe ita ce wurin tsoro. Idan iska ta tura shi ya wuce saitin titi, zuciya ta kan ce masa ya ƙara karkata don ya komo. Alhali jirgin da ya karkata ƙwarai yana bukatar gudu fiye da wanda ke tafiya a miƙe. A karkata mai tsanani abin da a ke bukata ya kan ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. Sai fiffike ɗaya ya saki kafin ɗan'uwansa, jirgi ya juya ya nufi ƙasa da kai. Da abin ya faru ne a can sama, akwai magani: a sunkuyar da hancin jirgi, a ƙara wuta, gudu ya komo. Amma a ƙafa 400 ko 500 babu sararin da za a yi wannan.

DUHU DA HAZO DA HADARI

Abu na biyu shi ne duhu. A ƙasashen nan da ke kusa da tsakiyar duniya, tsakanin faɗuwar rana da rufewar duhu bai kai rabin sa'a ba. Wanda ke sama ya kan ruɗu, domin shi yana ganin sauran haske, ƙasa kuwa ta riga ta yi baƙi. Idan ya sauko inda babu fitilu, daji ne ko ruwa, sai ya rasa inda sama ta ƙare ƙasa ta fara. A cikin kunnen ɗan Adam akwai wani ruwa da ke sanar da shi ko yana tsaye daidai ko ya karkace. Wannan ruwa aminin mai tafiya a ƙasa ne, amma a sama ya kan yi ƙarya: idan jirgi ya shiga kwana a hankali ya daɗe a cikinta, sai ruwan ya kwanta, jiki ya shaida wa mutum cewa a miƙe ya ke, alhali yana gangarawa a karkace. Babu jarumtaka ko kaifin hankali da ke maganin wannan. Maganinsa ɗaya ne, mutum ya ƙaryata jikinsa ya gaskata agogan da ke gabansa, kuma wannan ilmi ne dabam da a ke koya da wahala.

Abu na uku shi ne hazo. Daga watan Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu kan kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta baza ta a kan Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi, har wata rana ba a iya hangen abin da ke nesa da kilomita ɗaya. Dokar tafiya da ido kuwa tana neman matuƙi ya iya hangen kilomita 5. Makircin hazo shi ne, wanda ke sama in ya duba ƙasa sosai a ƙarƙashinsa ya kan ga gidaje da gonaki sarai, sai ya zaci hanya a buɗe ta ke. Amma da ya sauko ya duba gaba, inda ya ke bukatar gani, sai ya tarar da farin bango. In kuwa yamma ce, yana fuskantar rana, abin ya fi muni. Dattawa ba su manta da ranar 22 ga Janairu 1973 ba, sa'ad da babban jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano cikin hunturu, mutum 176 su ka rasu. In babban jirgi mai ma'aikata da yawa ya gamu da haka, ina ga ƙarami mai matuƙi ɗaya?

Abu na huɗu shi ne hadarin damina, musamman na farkonta da na ƙarshenta, wanda kan taso daga gabas da iska mai ƙarfi a gabansa. A ƙarƙashin irin wannan gajimare iska kan zubo daga sama kamar an tuntsurar da tulu, in ta bugi ƙasa ta watsu ko'ina. Jirgin da ya shiga cikinta yana sauka, da farko za ta buge shi ta gaba ta ɗaga shi, matuƙi ya rage wuta. Nan take ta danna shi ƙasa. Sa'an nan ta biyo shi ta baya ta kwashe iskar da ke ɗauke da fukafukansa. Duk wannan cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Irin wannan hadari ba ya kan daɗe ba, wanda ya jira rabin sa'a ko sa'a ɗaya sau da yawa ya kan sauka lafiya.

ILMIN TUƘI HAWA HAWA NE

Malamai sun san karatu daraja daraja ne. Akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi, akwai alaramma, akwai gwani, kuma ba a ɗora titibiri a kan buzun gwani don mahaifinsa mai arziki ne. Haka ilmin tuƙin jirgi ya ke. Lasin na farko shi ne na mai tuƙa kansa, ba don kuɗi ba, kuma a ƙa'idar duniya ba a ba da shi sai mutum ya yi aƙalla sa'a 40 a sama. Mai wannan lasin yana tafiya ne da ido, da rana, cikin sarari mai kyau. In yana son tashi da dare sai ya ƙara wani karatu. In yana son shiga gajimare ko hazo, inda zai dogara da agogai kaɗai, sai ya ƙara wani kuma, a jarraba shi. Mai tuƙi don a biya shi ana neman ya tara wajen sa'a 200, shugaban babban jirgin fasinja kuwa sa'a 1,500. Bayan wannan duka, kowane irin jirgi da halinsa, wanda ya iya wannan ba lalle ne ya iya wancan ba sai an koya masa an sa hannu a takardarsa. A Nijeriya hukumar da ke ba da lasin ita ce NCAA. Takardar da ta bayar tana faɗin abin da aka yarje wa mutum, kuma duk abin da ba ta faɗa ba an hana shi.

LABARIN GWAMNAN TARABA

Ɗanbaba Ɗanfulani Suntai ba baƙo ba ne a Zariya. A Jami'ar Ahmadu Bello ya yi karatun haɗa magunguna, ya zama gwamnan Jihar Taraba a 2007, kuma yana kan mulki ya komo garin nan ya shiga makarantar Palladan don sha'awar tuƙin jirgi, ya sami lasin na matakin farko a 2010. Ranar Alhamis 25 ga Oktoba 2012, jajiberen Babbar Salla, ya tashi daga Jalingo da yamma zuwa Yola cikin jirgin gwamnatin jiharsa, ƙirar Cessna 208 da a ke kira Caravan, shi ne a kan tuƙi, tare da dogarawansa. Tafiya ce gajera. Jirgin bai kai fili ba, ya faɗi a bayan garin Yola bayan rana ta faɗi.

Ba wanda ya rasu nan take, amma gwamna ya sami mummunan rauni a ƙwaƙwalwa. Aka kai shi Abuja, daga nan Jamus, daga nan Amurka. Ya komo gida cikin Agusta 2013 bayan wata goma, jihar ta shiga rigima a kan ko zai iya riƙe mulki ko mataimakinsa Alhaji Garba Umar zai ci gaba da riƙo, kuma bai sake samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a Amurka ranar 28 ga Yuni 2017, saura kwana biyu ya cika shekara 56.

Hukumar binciken hatsarin jiragen sama ta ƙasa, wadda a lokacin a ke kira AIB, daga baya aka faɗaɗa ta ta zama NSIB, ta bayyana abin da ta gano. Ba ta yanke hukunci a kan sababi guda ba, amma ta lissafa abubuwa a fili. Lasin da gwamna ke riƙe da shi bai ƙunshi wannan irin jirgi ba, an yarje masa ƙaramin nan ne mai kujera huɗu. Ba shi da shaidar tafiya da agogai, ba shi da iznin tashi da dare, sa'o'in da ya tara a sama kaɗan ne, kuma ya ci gaba da tafiyar ido bayan faɗuwar rana. Caravan kuwa ya ninka Cessna 172 nauyi fiye da sau uku, injinsa ma wani iri ne dabam. Makaranta ta ba shi shaidar matakin da ya kai, shi kuwa ya taka matakin da ke gaba ba tare da shaida ba.

Ba a kawo wannan labari don zargin wanda ya riga ya tafi ba, sai don abin lura da ke cikinsa. Ɗalibi talaka ba zai sami jirgin da ya fi ƙarfin lasinsa ba, in ma ya nema za a hana shi. Mai mulki da mai dukiya su ne ke da jirgi a hannu, kuma su ne waɗanda na ƙasa da su ke jin nauyin ce musu a'a. Saboda haka wannan hatsari ya fi kusa da manya.

Ba kuwa halin ƙasar nan kaɗai ba ne. A Amurka, ranar 16 ga Yuli 1999, John Kennedy ƙarami, ɗan shugaban ƙasar da aka kashe a 1963, ya tuƙa jirginsa mai inji ɗaya da dare zuwa wani tsibiri, tare da matarsa da yayarta. An yi niyyar tashi da sauran rana, aka makara. Akwai hazo a kan teku, shi kuma bai gama karatun tafiya da agogai ba. Yana gangarowa don sauka ya rasa sama da ƙasa, jirgin ya faɗa cikin ruwa, duka ukun su ka mutu. Masu bincike ba su sami aibi a injin ba.

KANO DA JOS DA KADUNA

Kada mai karatu ya ɗauka cewa sai sabon matuƙi abin ke samu. Jiragen da ƙwararru ke tuƙawa ma sun gamu da ajalinsu a bakin fili. A shekarar 1996 Kano ta yi makoki sau biyu. Ranar 17 ga Janairu ƙaramin jirgin fadar shugaban ƙasa ya faɗi yana gab da sauka Kano, mutum 14 su ka rasu, cikinsu har da Ibrahim, babban ɗan Janar Sani Abacha. Cikin watan Yuni kuma Kanar Muhammadu Abdullahi Wase, gwamnan soja na Jihar Kano, ya rasu tare da dukan waɗanda ke cikin wani ƙaramin jirgi da ya bugi dogon ƙarfen sadarwa yana neman sauka Jos. Jos gari ne a kan tudu, filinsa ya ɗara ƙafa 4,000 bisa teku, ga duwatsu, ga gajimare da kan kwanta a kansu da damina. A irin wannan wuri wanda ya sauko ƙasa da haddin da aka rubuta masa, ba tare da ya ga titi ba, yana caca ne da ransa.

Na kusa kuma shi ne na ranar Juma'a 21 ga Mayu 2021. Babban hafsan sojan ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, ya taso daga Abuja da yamma cikin jirgin sojan sama mai farfela biyu, ƙirar King Air 350, yana nufin ya kwana Kaduna, washegari ya zo Zariya bikin yaye sababbin sojoji a Depot. Su ka iske hadari a Kaduna, jirgin ya faɗi wajen sauka a babban filin garin, mutum 11 da ke ciki ba wanda ya tsira. Zariya ta yi shirin baƙo, sai labarin rasuwarsa ya iso.

FASA SAUKA BA ABIN KUNYA BA NE

Akwai wata dabara da a ke koya wa kowane ɗalibi tun kafin a bar shi ya tashi shi kaɗai. Idan ya zo sauka ya ga abu bai daidaita ba, gudu ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ko ya kauce wa saiti, ko bai ga titi ba, to, ya ƙara wuta gaba ɗaya ya koma sama, ya kewayo ya sake gwadawa, ko ya nufi wani fili. Don haka ne doka ta wajabta a ɗauki mai fiye da na tafiya, kuma a san fili na biyu tun kafin a tashi. Ko mai tafiya da agogai an yanka masa iyaka: a filin da ke da na'urar jagora, in ya sauko zuwa kimanin ƙafa 200 bai ga titi ko fitilunsa ba, wajibi ne ya fasa. Dabarar ba ta da wuya, kuma ba ta cin komai sai ɗan mai da 'yan mintoci.

To, me ke hana a yi ta? Zuciya ce. Mutum ya yi tafiya, ya gaji, ya hango gari, ya san ana jiransa, sai komawa ta yi masa nauyi. In matuƙin haya ne, ga maigida zaune a bayansa yana duba agogon hannu, ana jiransa wurin ɗaurin aure ko jana'iza ko ciniki. A babban kamfanin fasinja akwai matuƙa biyu da littafin doka da ofishin da ke tsaya musu in sun fasa. A ƙaramin jirgi sau da yawa matuƙi shi kaɗai ne, abincinsa kuma yana hannun wanda zai ce wa ba za a sauka ba. Ko maigida bai yi magana ba, ɓata fuska kaɗai ta isa.

Fataken dā sun san maganin wannan. A ayarin Gwanja, mai jakai ɗari da mai jaki ɗaya duka a ƙarƙashin madugu su ke. Shi ke cewa a tashi, shi ke cewa a sauka, kuma ya kan auna tafiya don a kai zango da sauran rana. In kogi ya kawo, ya ce a kwana a wannan gaɓa, ba wanda zai ce goronsa zai lalace don haka a faɗa ruwa. Dokar jirgin sama ta duniya haka ta tsara: daga rufe ƙofa zuwa buɗe ta, magana ta ƙarshe ta matuƙi ce, ko da sarki ne a zaune a baya.

NASIHA GA MAI HAYA DA MAI MALLAKA

Attajirin da zai ɗauki hayar ƙaramin jirgi, ko a gayyace shi cikin na wani, yana da haƙƙin ya yi tambaya kamar yadda ya kan bincika kaya kafin ya biya. Ya tambaya ko kamfanin yana da takardar iznin ɗaukar mutane don kuɗi, domin jirgin da aka yi wa rajista don amfanin mai shi ba a yarje masa haya ba, kuma binciken da a ke yi wa na haya ya fi tsanani. Ya tambaya ko matuƙi yana da shaidar wannan irin jirgi da ta tafiya da agogai. Ya tambaya ƙarfe nawa za a sauka, kuma ko filin da za a je yana da fitilu, domin filaye da yawa na ƙananan garuruwa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta kaɗai su ke aiki. Ya tambaya me masu duba yanayi na hukumar NiMet su ka ce, kuma ina za a nufa in ba a sami sauka ba. Matuƙin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi.

Sa'an nan ya kiyaye lokaci. Yawancin tafiyar da ta ƙare cikin duhu an shirya ta ne da rana, sai aka tsaya sallama da baƙi, aka tsaya jiran wane, har la'asar ta yi sanyi. In an makara, a kwana. Kada ya matsa a ƙara mutum ko kaya bayan matuƙi ya ce nauyi ya cika, domin jirgi mai nauyi ya fi bukatar gudu wajen sauka. In an fara gangarowa ya yi shiru, ya ɗaura ɗamararsa har ta kafaɗa, ya bar matuƙi da aikinsa. Mafi girma duka, ya gaya wa matuƙi tun a ƙasa, a gaban mutane, cewa in ya ga a juya a juya, ba za a rage masa ko kwabo ba, ba kuwa za a ga laifinsa ba. Wannan kalma ɗaya tana sauke wa matuƙi kaya mai nauyi.

Wanda kuma Allah ya hore masa har ya yi sha'awar tuƙa jirginsa da kansa, ba laifi ba ne, ƙofar makaranta a buɗe ta ke. Amma ya tsaya inda takardarsa ta tsaya, ya ɗauki ƙwararre ya zauna a gefensa, kuma ya ba wani daga cikin mutanensa ikon hana shi tashi ba tare da tsoron kora ba.

Maƙwabtan fili su ma suna da nasu rabo. Juji da mahauta kusa da fili suna tara shirwa da ungulu, tsuntsu ɗaya kuwa ya isa ya fasa gilashin ƙaramin jirgi. Shanu da awaki da masu yanke hanya ta kan titin sauka kan tilasta wa matuƙi ya kauce a lokacin da ba shi da wurin kaucewa. Dogon gini ko ƙarfen waya a saitin titi ba a kafa shi sai da iznin hukuma, kuma a sa masa jar fitila. Garuruwa sun yaɗu sun kewaye filayen da dā su ke bayan gari, a Zariya da Kano da Kaduna duka, saboda haka jirgin da ya kasa kai wa titi yau a kan rufin mutane zai faɗa.

Wannan shi ne iyakar bayani. Ajali ba ya wuce lokacinsa, amma an ba ɗan Adam hankali don ya bambanta ƙaddara da ganganci. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma wanda ya kwana a hanya ya iso da safe bai yi hasarar komai ba sai dare ɗaya. Allah ya kiyaye matafiya na sama da na ƙasa, ya ba iyalan waɗanda su ka rasu haƙuri. Wassalamu.